Doguwar tafiya a jirgin ruwa da mai keken guragu

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ke kan keken guragu ba shi da rabo a doguwar tafiyar yawon buɗe ido ta jirgin ruwa, ni kuwa ban yarda da haka ba. Na raka mahaifiyata irin wannan tafiya a tekun Bahar Rum, kuma ban ga wata hanyar tafiya da ta fi mata sauƙi ba. A jirgin sama, tun daga bakin ƙofa ake raba mutum da kekensa a tura shi cikin kaya, a bar shi da fargabar yadda zai same shi idan an sauka. A jirgin ruwa kuwa sau ɗaya ake kwance kaya, mutum ya saba da gado ɗaya da banɗaki ɗaya, kowace safiya ya wayi gari a sabuwar ƙasa.

Sai dai wannan sauƙi ya dogara ga samun ɗakin da aka tanadar wa masu buƙata ta musamman, irin mai faɗin ƙofa, wanda keke zai shiga har wurin wanka ba tare da cin karo da dokin ƙofa ba. Waɗannan ɗakuna kaɗan ne a kowane jirgi, kuma tun da sauran watanni ake kama su. Wanda ya karɓi ɗaki na gama-gari da zaton zai lallaɓa zai sha wuya, domin ba a yarda a ajiye keke a hanyar da ke tsakanin ɗakuna, saboda ita ce hanyar tsira idan an samu gobara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gajiyar mai turawa. Jirgi irin Queen Mary 2 tsawonsa mita 345 ne, kuma tura babban mutum a kan kafet mai kauri daga ƙarshen jirgi zuwa ɗakin cin abinci sau uku a rana aiki ne na gaske, musamman idan teku ta motsa, ƙasa tana karkata, sai ka riƙa danna birki duk inda ka tsaya. Ga kuma jiran lif a lokacin cin abinci, inda masu lafiyar ƙafa kan cika shi don hawa bene ɗaya tak. Wani abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu kan tsallake mahaifiyata su tambaye ni abin da za ta ci. Takan ɗaga kai ta ce mini, “Gaya masa ƙafa ce ta gaza, bakina lafiyarsa ƙalau.”

Babbar matsalar tana bakin ruwa. A birni irin Basalona jirgi yana raɓar tasha, a shimfiɗa gada a gangara da keke, ko da yake a wasu tashoshin gadar kan miƙe sosai gwargwadon cikar teku da janyewarta. Amma akwai wurare irin tsibirin Santorini na ƙasar Girka inda babban jirgi ke tsayawa can cikin ruwa, a riƙa kwasar fasinjoji da ƙananan jirage. Dole mutum ya taka ya tsallaka daga wannan zuwa wancan alhali duka biyun suna rawa a kan ruwa, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin ne ke da ta cewa. Ko an tsallaka ɗin, Fira, babban garin tsibirin, yana can ƙolin dutse, titunansa duk duwatsu ne da matakala. Ranar muka zauna a jirgi, kuma ban ga laifin ma’aikatan ba.

Doka ta taimaka, amma tana da iyaka. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar kare naƙasassu ta ƙasar ta shafi jiragen da ke ɗauke da tutar wasu ƙasashe idan suna aiki a ruwan Amurka. Tarayyar Turai ma tana da doka mai lamba 1177 ta 2010, wadda ta wajabta taimaka wa naƙasassu kyauta wajen shiga da fita, muddin an sanar da awa 48 kafin lokaci, amma ita ma ta bar ƙofar hanawa idan akwai haɗari.

Saboda haka duk wanda ya nemi shawarata nakan ce masa ya ajiye hotunan jirgi tukuna, ya karɓi jerin tashoshin da za a tsaya, ya sa kamfanin ya rubuta masa waɗanda jirgi ke raɓa da waɗanda sai an shiga ƙaramin jirgi, kafin ya biya ko sisi.