Jikan Wane, Ko Ingila Ta Sauke Kai

Jiya a wajen ɗaurin aure aka yi wa wani saurayi tayin tsaron shago, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Kun san ko ni jikan wane ne?" Ba shi da ko kuɗin mota, amma jikan wane! Samari, wallahi wannan tinƙaho da arzikin kaka ya ishe mu.

Wa ya kai Ingila abin tinƙaho? Ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta mulki Indiya har 1947. Amma bayan yaƙin duniya na biyu bashin Amurka ya yi mata katutu, har 1954 da katin rabon abinci ake sayen nama a Landan. A 1956 girman kai ya motsa: Nasir, shugaban Masar, ya ƙwace mashigin Suwez, Ingila ta haɗa baki da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar. Amurka ta matse ta ta fuskar kuɗi, ta janye da kunya, Firayim Minista Eden ya sauka. Girman kai rawanin tsiya. Magajinsa Macmillan ya gane kiɗa ya canza, a 1960 ya faɗa a Afirka ta Kudu cewa iskar sauyi na kaɗawa, shekarar da Najeriya ta sami 'yanci. A 1976 ƙasar da ta yi wa duniya fam da sule ta je IMF, asusun ba da lamuni na duniya, cin bashi. Yau motar Jaguar ma mallakar kamfanin Tata na Indiya ce, kuma Turawa na sammako su je aiki a can, ba wanda ya ce shi jikan Sarauniya ne.

Ba yabonsu nake ba, abin da suka kwasa sun kwasa, kuma har yau akwai masu ciwon "a da mu ne" a cikinsu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Kai fa? Ƙasa guda ta haɗiye girman kai, kai gidanku da azara ta zube ka ƙi haɗiyewa. Ga shadda ta aro, ga caca a waya, wannan kam masifa ce ta daban. Ku dai yi wa kanku faɗa. Kakan da kake kira fatauci ya yi da jaki har Gwanja, a ƙasa. Mutanen dā ba sa jin kunyar talla ko dako, roƙo suke jin kunya. Yanzu wa ya rage mai irin wannan zuciyar?