Sun Maƙala Min Ƙyalle Ruwan Hoda, Sun Zaftare Min Albashi

Ranar 28 ga watan jiya alat ya shigo wayata, na duba na ga babu kuɗin kwana huɗu. Kwana huɗun nan ba biki na je ba, ba suna ba. Kwana ɗaya na yi shi a layin gwajin jini, ɗaya ina kwance ana ɗura min magani ta jijiya, biyu kuma ina ɗaki da bokiti a gefen gado. Da na je wurin mai biyan albashi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malama, ni abin da rajista ta nuna nake bi, ki ga Hajiya."

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare mai zaman kanta a Kano, shekara 13 ke nan ina riƙe da alli a wurin. A 2021 aka gano sankara a nonona na dama, aka cire shi, aka kwashe kaluluwar hammata, na sha kemo (maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya), na yi tafiya wani gari aka yi min gashi da na'ura. Na dawo aiki, aka yi ta barka da arziki. A 2024 ciwon baya ya hana ni ruku'u, hoto ya nuna cutar ta kai ƙashin baya da na ƙugu. Mataki na huɗu ke nan. Likita bai ɓoye min komai ba. Ya ce wannan ba a maganar warkewa, danne shi ake yi, idan wani magani ya daina aiki a koma wani, kuma akwai matan da ke shekaru a haka suna harkokinsu. Na riƙe wannan maganar, da ita na koma aji.

Matsalar ita ce makarantarmu mutum iri biyu kawai ta sani. Ko kina da lafiya ki sa hannu ƙarfe bakwai da rabi, ko kin mutu a tara kuɗin ta'aziyya. Wadda ke tsakani, da ciwo a jiki kuma da aiki a hannu, babu gurbinta a rajista. Shi ya sa duk shigata ofis tambayar ɗaya ce: "To Malama, yaushe za ki warke?" Na yi bayani da Hausa, na kawo takardar likita, na sake bayani. Bayan mako biyu a sake jefo min ita, kamar zazzaɓin cizon sauro nake yi na ƙi shan magani.

Hajiya mai makarantar ta ce kwana 12 ne hutun rashin lafiya a shekara, haka dokar ƙwadago ta tanada, kuma ita ba ta karya doka. To, ranki ya daɗe, tunda lissafi nake koyarwa bari in yi miki shi. Duk kwana 21 ake ɗura min magani. Kafin a ɗura sai an gwada jini, domin idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa ba za a ba ni ba, sai a ɗaga da mako guda. Gwaji kwana ɗaya, ɗuri kwana ɗaya. Zagaye shida kawai sun cinye kwana 12, cikin wata huɗu da 'yan kwanaki, ban ma sa ranakun amai da jiri ba, ban sa ranar hoto ba, ban sa allurar ƙarfafa ƙashi ba. Sauran wata takwas ɗin fa? In ce wa cutar ta dakata har watan Janairu? Kuma ranar ganin likitan daji a asibitinmu tsakiyar mako take, ba ni na zaɓa ba. Ƙarfe shida na safe nake ajiye kati, wani lokaci sai bayan la'asar nake fitowa, wata rana ma a ce ba a ga fayil ba.

Ban nemi sadaka ba. Abu uku na roƙa, kuma babu wanda zai ci wa makaranta ko sisi. Na ce a gyara jadawali a matsar da darussana daga ranakun asibiti, har wani abokin aikina, Allah ya saka masa, ya yarda mu yi musanye. Na ce a sauko da ajina ƙasa, domin hawa bene da ƙugun da ciwo ya ci azaba ce. Na ce a bar ni in zauna a kujera wata ɗaliba ta riƙa yi min rubutu a allo, saboda hannun daman nan tun da aka cire kaluluwa yake kumbura, idan na ɗaga shi minti goma sai ya yi nauyi kamar taɓarya, ga yatsun da kemo ya kashe, alli na faɗuwa ban ji ba. Amsar da na samu: "Idan na yi miki, gobe kowa zai zo da nasa uzurin." Kowa? Malamai nawa ne a makarantar nan ke da daji a ƙashin baya? Su fito mu yi layi.

Abin da aka yi a maimakon haka shi ne ya fi ƙona min rai. Aka karɓe 'yan aji shida da nake shiryawa jarrabawar WAEC da NECO shekara takwas, aka ce wai don in huta. Tare da su alawus ɗin darasin yamma ya tafi. Shugabancin sashen lissafi da kowa ya san layina ne aka miƙa wa yaron da ni na nuna masa yadda ake rubuta tsarin darasi. Ni kuma aka tura ni 'yan aji ɗaya, yara sama da hamsin a ɗaki, wannan na tari wancan na atishawa, alhali likita ya gargaɗe ni cewa mako na biyu bayan kemo garkuwar jikina a ƙasa take, ƙaramin zazzaɓi na iya kwantar da ni a asibiti. Wannan shi ne hutun. Babu wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni me zan iya, me ba zan iya ba. An yanke hukunci a bayana, aka naɗe shi da "Allah ya ba ki lafiya". Ciwon yana ƙashina, bai taɓa ƙwaƙwalwata ba, har yanzu ina warware lissafin da sabon shugaban sashen ke zuwa a ɓoye in duba masa.

Ɗakin malamai kuma nasa daban. Na lura an ware min kofi. Wata uwa ta zo har ofis tana tambaya ko 'yarta ba za ta ɗauka ba, kuma maimakon a gaya mata gaskiya, cewa sankara ba a ɗaukarta ta numfashi ko taɓawa ko cin abinci tare, sai aka ce mata za a duba lamarin. Ga masu ba da shawara kyauta: daji ba ya son allura, ki bar asibiti, akwai wani mai magani a ƙauyenmu. Na gode. Da wannan maganar ce mata da yawa da nake haɗuwa da su a layi suka zauna a gida har nono ya fashe kafin su zo.

Sai ga watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama. Makaranta ta shirya taro, aka sayo ƙyalle ruwan hoda aka maƙala wa kowa a ƙirji, aka kira mai hoto. Hajiya da kanta ta riƙo hannuna, mai kumburin ma, ta kai ni gaba ta ce ga jarumarmu da ta yi nasara a kan cutar. Aka tafa. Hoton yana shafin makarantar na Facebook har yanzu, mutane na ta sa albarka. A albashin wannan watan na Oktoba aka cire min kwana uku. Wallahi da na san haka ne da na karɓi abin magana na karanta musu takardar albashina.

Masu cewa ki ajiye aikin mana ki huta, ku gaya min wa zai sayi maganin. Tun 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, amma mu a wurin aikinmu ko fom ba mu taɓa gani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti ya ninka, naira ta faɗi, magungunan kuma daga waje ake shigo da su. Zagaye ɗaya na kemo da gwaje-gwajensa ya fi albashina. Sarƙata da 'yan kunnena sun tafi, filin gadona ya tafi, yayyena maza suna haɗa abin da ya sawwaƙa, maigidana ɗan fansho ne, ga yara uku. Kuɗin kwana huɗun da aka cire, a wurinsu tarar makara ce, a wurina maganin amai ne da kuɗin gwajin jini. Bayan haka, aji ne kaɗai wurin da ba a ce min "ya jiki". Minti arba'in ina Malama, yara na gardama a kan amsa, ina mantawa da ranar asibiti. Wannan ma so ake a ƙwace.

Shekaranjiya masinja ya kawo min takarda. Hukumar makaranta na so in kawo shaidar likita kafin Litinin, wadda za ta nuna ranar da zan gama jinya in dawo aiki gadan-gadan, in ba haka ba za a sake duba matsayina. Na kai wa likitana. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Malama, wace rana suke so in rubuta?" Na ce masa ya rubuta abin da ya rubuta a baya, cewa zan iya koyarwa idan an gyara min jadawali. Ita ce takarda ta huɗu mai magana ɗaya da zan kai ofishin nan. Litinin zan miƙa ta da hannun hagu, tare da takardun gwajin 'yan aji ɗaya guda 54 da na gama makawa a layin asibiti, kuma wannan karon sai an sa min hannu a kwafi cewa an karɓa.