"Nan gida ne, ba ofis ba": abin da na gani a kamfanin talla

Jiya da daddare ina latse-latsen waya sai na ci karo da hoton tsohon wurin aikina. An yanka kek, an jera ma'aikata cikin riguna iri ɗaya, kowa ya washe baki, a ƙasa an rubuta wai nan gida ne, ba ofis ba. Na daɗe ina kallon hoton nan. Shekara huɗu na yi a wannan kamfani na talla da hulɗa da jama'a a Kano, kuma a lokacin ni nake tsara irin wannan rubutu na ƙasan hoto. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Sana'armu ita ce gyara wa mutane suna. Ɗan siyasa ya zo, mu wanke shi tas. Mai kamfanin taliya ya zo, mu sa a ji kamar duk gidan da ba a dafa taliyarsa ba a yi buɗa-baki ba. To matsalar ita ce, wanda ya saba shafa wa bango fenti, ranar da bangon ɗakinsa ya tsage, fentin zai ɗauko, ba siminti ba. Ma'aikata suna ƙorafi, sai a shirya walima. Albashi ya makara, sai a buga sababbin riguna masu tambarin kamfani. Wanzami dai ba ya son jarfa. Muna koya wa kwastomomi su saurari jama'a, amma ba mu taɓa sauraron mai zanen da ke zaune a kusurwar ofishinmu ba.

Kalmar "gida" ɗin nan ita ta fi ci mini rai, don mu Hausawa mun san abin da take nufi a harkar nema. Je ka Kantin Kwari ko Singa ka ga maigida da yaronsa. Gaskiya ne yaron yana shan wahala, ba shi da lokacin tashi, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Amma idan ya kwanta ciwo maigida ne zai kai shi asibiti, idan aure ya taso maigida na gaba-gaba, kuma in an yi dace da mutumin kirki, wata rana zai sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Nauyi ne a kan kowane ɓangare. Shi kuwa ogan ofis ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar ɗaya rabin. Idan ana son ka kwana kana aiki, ɗan gida ne kai. Ranar da ka ce yallaɓai, matata ta haihu, sai a tuna maka cewa kamfani yana da tsari. Ka faɗa tsakiya ke nan: ba ka samu inuwar maigida ba, ba ka samu kariyar takarda ba.

Kuma kunya tana taya su. An tarbiyyantar da mu a kan cewa tambayar haƙƙi a gaban babba rashin ɗa'a ne. Wata ya kai kwana goma da mutuwa, ba alat, amma da safe in oga ya shigo sai ka ji ana ranka ya daɗe, an tashi lafiya, ya iyali. Shi kuma ya ce "ana ƙoƙari, kwastoma ne bai biya ba." Wani lokacin gaskiya yake faɗa, ban musa ba. Manyan kamfanoni suna riƙe kuɗin 'yan talla watanni, 'yan siyasa kuwa in zaɓe ya wuce ba su ci ba, sai dai ka bi su da addu'a. Sai dai ban taɓa ganin jinkirin ya hana sauya motar oga ba.

Ga maganar fansho, wadda matasa ba sa kula da ita sai sun bar aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zai cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, ya ƙara kashi 10 nasa, ya zuba a asusunka. A takardar albashina kowane wata ana nuna an cire. Sai da na ajiye aiki na je na duba asusun, na tarar watanni da yawa wayam. Ranar na fahimci kuɗin wa ake yanka kek da su.

Lokaci kuma ba naka ba ne. Azumi shi ne kakarmu, domin masu madara da shayi da kamfanonin waya duk suna rububin ɗaukar nauyin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Na sha gyara rubutun talla tsakanin tarawihi da sahur, saboda kwastoma ya turo saƙo a zauren WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare cewa kalma ɗaya ba ta yi masa ba. A Faransa tun 2017 doka ta amince wa ma'aikaci da 'yancin kashe wayar aiki bayan an tashi. Mu nan in alamar karantawa ta nuna ka gani ba ka amsa ba, gobe akwai zama. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, mun roƙi a bar mu mu riƙa aiki daga gida kwana biyu a mako, tunda kwamfuta da intanet ne kayan aikinmu. Aka ce a'a, sai an ga fuskarka ake sanin kana aiki. Abin dariya, da dare ba a buƙatar ganin fuskar.

Amma in za a tambaye ni abin da ya fi kashe mini gwiwa, ba kuɗi ba ne. Raini ne. Yawancin manyan ayyuka daga Legas suke zuwa, an gama tsara su da Turanci, an kashe miliyoyi, sannan ana saura kwana biyu a tuna da Arewa, a ce a juya shi zuwa Hausa kafin gobe. Ka ce musu wannan salon magana ba ya zama a bakin Bahaushe, ko wannan hoton zai jawo surutu a Sakkwato, a ce kai dai fassara aka sa ka. Idan tallar ta faɗi, Hausarka ce ba ta yi ba. Idan kuwa ka yi taurin kai ka sauya ta, har yara suka riƙa rera ta a layi, a taron kwastoma oga ne zai miƙe ya ce "mun zauna mun yi nazari." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai wata abokiyar aikina da ta fi mu duka iya tsara magana, ba a taɓa shiga da ita ɗakin taro ba sai in ana son wanda zai rubuta abin da aka tattauna.

Mu ma ma'aikata ba wankakku ba ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu yin aikin gefe da kwamfutar ofis, akwai masu kai gulma don neman fada, akwai wanda sai an tashi sallar azahar yake shigowa. Na yi wasu daga ciki. Sai dai na lura aikin gefen yakan ƙaru ne daidai watan da albashi ya makara.

Muna da hukumomi. Cibiyar NIPR ta masu hulɗa da jama'a tana nan tun 1963, hukumar kula da talla ta ARCON kuma, wadda ta gaji tsohuwar hukumar APCON a 2022, tana tantance talla kafin ta fita. Ana duba abin da muke faɗa wa jama'a. Da ma ƙungiyoyin sana'ar za su sa a cikin sharuɗɗansu cewa kamfanin da zai shiga takarar lambar yabo sai ya kawo shaidar biyan albashi da fansho, da an ga raguwar masu hawa dandamali.

Sau ɗaya aka taɓa raba mana takardar jin ra'ayi, wai kowa ya faɗi yadda yake jin daɗin aiki, ba sai ya sa suna ba. Mu goma sha shida ne, kuma oga ya san rubutun hannun kowa. Duk muka cika da alhamdulillahi. Washegari aka ce in tsara sanarwa a Facebook cewa ma'aikatanmu duka sun gamsu, na kuwa tsara ta, ta yi kyau har aka yaba mini.

A hoton jiya na ƙirga fuskoki. Biyu kawai na sani: oga, da direbansa.