Ki shayar da shi, kada ki ji tsoro

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu juna biyu da masu jego, da ma mazajensu in suna leƙowa nan.

Akwai wata aya da na daɗe ina karantawa ina wucewa ban taɓa tsayawa a kanta ba sai kwanakin nan, Suratul Ƙasas aya ta 7, labarin mahaifiyar Annabi Musa (AS). Dan Allah ku dubi yanayin da baiwar Allahn nan ta yi goyon ciki, Fir'auna na yanka 'ya'ya maza na Bani Isra'ila, tana ɗauke da ciki bata san in namiji ta haifa ko za a bar mata shi ba, wace fargaba ce ta kai wannan? Toh amma da Allah ya yi mata wahayi abin da ya fara ce mata shi ne "an ardi'ihi", ki shayar da shi, kuma a cikin ayar dai ya ce "wa la takhafi wa la tahzani", kada ki ji tsoro kada ki yi baƙin ciki. Shayarwa da kwanciyar hankali a aya guda. A aya ta 10 kuma aka ce zuciyarta ta wayi gari ba komai a ciki sai tunanin ɗanta har ta kusa tona asirin, ba don Allah ya ɗaure mata zuciyar ba. Daga baya jinjirin ya ƙi nonon duk matan da aka kawo masa, sai da aka mayar da shi ƙirjin uwarsa domin idonta ya yi sanyi.

Shi yasa wallahi raina yake ɓaci in naji mai ciki tace gabanta na yawan faɗuwa ko bata iya barci saboda tunani, sai wata ta yi caraf tace "ke dai kin cika raki, ba ki da tawakkali". Haba baiwar Allah. Nana Maryam da Allah ya zaɓe ta a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan, kuma ba a ce mata imaninki ya yi rauni ba, lallashinta aka yi aka ce kada ki yi baƙin ciki, ki ci ki sha ki kwantar da hankalinki. Allahn da ya halicci mace shi ya kira ɗaukar ciki "wahnan ala wahnin", rauni a kan rauni, a Suratu Luƙman aya ta 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tace kusan mace 1 cikin 5 na fuskantar matsalar da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa lokacin ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa, kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne zullumin nan ba ya tsayawa a ɗakin haihuwa, biyo mace yake har kan nono. Wadda ta kwashe watanni tana tunanin anya zan haihu lafiya, anya ba aiki za a yi min ba, musamman wadda ta taɓa ɓari ko ta taɓa rasa jariri, ko wadda gidan ba zaman lafiya, da ta sauka sai tunanin ya canza riga ya koma anya nonona zai isa, anya yaron nan yana ƙoshi. Masu bincike sun sha lura da cewa matan da fargaba ta yi wa yawa lokacin ciki sun fi saurin barin shayar da nono zalla, wasu ma tun kafin su haihu sun riga sun yanke wa kansu hukuncin ba za su iya ba.

Kuma abin yana da dalili a jiki, ba camfi ba ne. Allah ya sanya sinadarai biyu da suke wannan aikin, ɗaya sunansa furolaktin shi yake sa a haɗa ruwan nonon, ɗayan oksitosin shi yake matso shi ya sauko in jariri ya kama. Shi wannan na biyun ɗan lallaɓa ne, yana son natsuwa, yana son uwa ta rungumi ɗanta fata da fata ta ji ɗuminsa, wani lokacin kukansa kawai za ta ji ruwan ya fara zuba. Amma tsoro da ciwo da tashin hankali suna iya riƙe shi na ɗan lokaci, nonon yana nan bai ƙafe ba, saukowar ce ta yi nauyi. Toh daga nan ne ake shiga rikicin, yaro ya tsotsa bai samu da wuri ba ya tsala kuka, uwa ta ƙara rikicewa, sai wani a gefe yace ai ba ki da nono, a ɗauko madarar gwangwani ko a ɗura masa ruwa, cikinsa ya cika ya rage tsotso, shi kuma nono ƙa'idarsa iya yadda aka tsotsa iya yadda jiki zai ƙara haɗawa, in tsotso ya ragu sai ya ragu da gaske, shikenan abin da take tsoro tun tana da ciki ya tabbata, alhali tun farko ba abin da ya samu nononta.

Ni kaina a haihuwata ta fari na sha kuka a kwana na biyu, ina matsawa ina ganin ɗan ɗigon abu mai kauri ruwan ɗorawa, nace shikenan zan kashe ɗan mutane da yunwa. Ashe dakashi ne, kuma ashe haka Allah ya tsara shi, ɗan kaɗan ne saboda cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki kamar ƙaramin cokali ɗaya a lokaci guda ba, kuma cike yake da abubuwan kariya daga cututtuka. Nonon sosai yakan zo ne wajen kwana 2 zuwa 4, wata ma ya ɗan fi haka musamman in aiki aka yi mata. Da wata ta zaunar da ni ta faɗa min wannan tun ina zuwa awo da na huta da hawayen nan.

Saboda haka 'yar uwa tun cikin yana nan ki nemi sani, rabin fargabar nan rashin sani ne. In kin je awo ki tambayi nas ko ungozoma yadda ake ɗora yaro ya kama da kyau, ba kunya a nan. Shawarar masana lafiya ita ce a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa in hali ya yi, a ba shi nono zalla wata 6 ko ruwa ba sai an ƙara ba don mafi yawan nonon ma ruwa ne, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2, wanda ya zo daidai da "haulaini kamilaini" ta Suratul Baƙara aya ta 233. Jariri sabon haihuwa yakan sha sau 8 zuwa 12 a kwana guda, yawan neman nono ba shi ke nuna bai ƙoshi ba. Fitsarinsa za ki duba, in bayan kwana 5 yana jiƙa famfas kamar sau 6 ko fiye a rana, kuma sikeli na nuna yana ƙaruwa, toh yana samu. Ko ɗan raguwar nauyi na kwanakin farko ma an saba gani, yawanci zuwa sati 2 ya mayar.

Yanzu ku maza, ayar Baƙara ɗin nan da kuke son jawo wa mata ku ƙarasa ta mana, cikinta ne aka ce ciyar da su da tufatar da su yana kan uban yaro, cikinta ne aka ce ba a ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Ba zai yiwu ka kwashe wata tara kana ɗaga mata hankali da faɗa da gori da fita tun safe sai tsakar dare ba, sannan ranar da yaro ya kwana kuka ka ce wai me ya samu nonon. Ka karɓi yaron ta samu barci ko na awa biyu ne, ka raka ta awo, ka tare mata masu yawan surutu. Iyayenmu da yayyenmu mata ku ma dan girman Allah a rage ba mai ciki labaran wadda ta mutu wajen haihuwa, ban san me ake samu a ciki ba.

Wadda kuma ta yi iya yinta abin bai yiwu ba saboda ciwo ko wani uzuri, kada ta ɗauka ta yi zunubi, kada kuma mu bi ta da harara in mun ga fida a hannunta. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 Allah ya buɗe ƙofar wata ta shayar in abu ya yi tsanani, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Ta bi shawarar likita kan abin da za ta ba ɗanta hankalinta kwance.

In fargabar ta kai kullum ƙirjinki na bugawa, ba barci ko da yaro ya yi barci, ba cin abinci, kuka ba dalili har ya wuce sati 2, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwa miki, wannan kam kada ki ɓoye, ki faɗa wa likita da wuri, ana maganinsa kuma akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha, amma likita ne zai zaɓa ba ƙawa ba. Ki haɗa da addu'ar da Anas (RA) yace ya sha jin Annabi (SAW) yana yawan yi, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan" har ƙarshenta, tana cikin Bukhari. Ni lokacin shayarwar tsakar dare nake yinta, yaro na tsotso kowa na barci, in sauke kafaɗuna in ja numfashi a hankali in ta maimaitawa har in ji yana haɗiya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.