Jan Fenti a Teburin Mai Shayi

A wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya, a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, akwai teburin shayin Malam Tanko a gindin darbejiya. Ranar wata Juma'a da hantsi, kasuwar Wudil na ci, Jauro ya ɗaure bijiminsa a jikin bishiyar yana kurɓar shayi, Baba Modu direban tirela kuwa ya faka yana jira tayoyi su huce. Sai ga farar mota ta tsaya. Injiniya ya sauko da hular kwano, yaronsa na biye da gwangwanin jan fenti da igiyar awo.

MAI SHAYI: Lale marhabin da gwamnati! Kai Kwangila, goge wa Yallaɓai benci.

INJINIYA: Ba zama ya kawo ni ba, Malam, awo za mu yi. Wa ka kira Kwangila?

MAI SHAYI: Ɗan farina ne. Ran sunansa muka ji a rediyo wai Obasanjo ya ba da aikin tagwaita titin nan, a 2006, sai laƙabin ya bi shi. Ga shi nan har gemu ya tsiro, mata muke nema masa.

BABA MODU: Yaro ya riga titi balaga.

INJINIYA: Haba Baba, aikin ba wasan yara ba ne. Sama da kilomita 500 fa, ta jihohi biyar, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno. Shi ya sa aka kasa shi kashi biyar: Kano zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum...

BABA MODU: Potiskum zuwa Damaturu, Damaturu zuwa Maiduguri. Ɗana, kai a takarda ka karanta, ni da ƙuguna na haddace. Kowane rami na san sunansa. Akwai wanda ya cinye mini sifirin biyu, har yau in na zo wucewa sai na gaishe shi.

INJINIYA: To ai ka ga yadda Shuwarin zuwa Potiskum ta koma tun da aka buɗe ta a 2021. Da kuɗin Sukuk aka tura aikin gaba.

JAURO: Wane ne Sukuku? Bature ne?

INJINIYA: Ba mutum ba ne, Jauro. Hanyar tara kuɗi ce daga jama'a ba tare da kuɗin ruwa ba.

JAURO: Allah ya yi masa albarka. In ka gan shi ka ce Jauro na gaisuwa.

INJINIYA: Abin da nake so ku gane, in hanya ta zama tagwaye, masu zuwa na hannunsu, masu dawowa na hannunsu. Ba gaba-da-gaba, ba bin bayan tirela kamar rakiyar amarya. Wake da bandar kifi su taso daga Borno su kwana a Kano. Siminti da sukari su tashi daga Kano su bi ta Gamboru Ngala su shiga Kamaru da Chadi. Man gas ya ragu, taya ta daɗe, kaya su yi araha.

BABA MODU: Ka gama?

INJINIYA: Na gama.

BABA MODU: To jiya da asuba na baro Maiduguri da wake. Inda kuka gyara, wallahi kamar a kan katifa, har karen motata ya yi minshari. Amma ka san me ya cinye mini yini? Shinge. Tun ina ƙirgawa da yatsu har na koma carbi. Wani da bindiga, wani da rasit, wani da katako mai ƙusoshi, wani kuwa igiya ce kawai da ƙarfin hali. Kowa ka tsaya, "Oga, me ka kawo mana?" Sai ka ce daga Makka na dawo.

INJINIYA: Wannan ba ɓangarenmu ba ne.

BABA MODU: Na sani. Ku kuna faɗaɗa titi, su suna ƙara tsawon igiya.

INJINIYA: Ku ma direbobi ba ku da gaskiya. Motar da aka yi wa buhun siminti 600, tan 30 ke nan, sai ku labta mata 900. Kwaltar da za ta yi shekaru sai ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali.

BABA MODU: Ai 600 ɗin na mai kaya ne. Ɗari ukun na masu igiya ne.

JAURO: Kada ka saurari wannan, Yallaɓai, bawana ne. Babarbare in bai yi ƙorafi ba zazzaɓi ke kama shi. Ni ga tambayata. Na ji an ce za ku gina katanga a tsakiyar titi.

INJINIYA: Ɗan kankare ne mai raba hannu biyu.

JAURO: To burtalinmu nan ya ratsa, daidai inda motarka ta tsaya. Tun kakana shanu ke tsallakawa nan su sha ruwa. Ta ina za su bi?

INJINIYA: Sai ku bi gefe har inda aka bar mashiga, ku tsallaka, ku dawo.

JAURO: Aradu sai dai ka zo ka faɗa musu da bakinka. Ni shekara arba'in ina fama da su, ko "dama" da "hagu" ba su riƙe ba.

BABA MODU: Ka kawo su in loda maka, ɗan daji. Shanun Potiskum ma ni nake kai su Legas, kai kana nan kana taka sayyada da sanda a wuya. Yanzu tsakanina da kai wane ne bawa?

JAURO: Su shanun suna tuƙi ne ko suna hutawa?

BABA MODU: Suna hutawa.

JAURO: Kai kuma kana tuƙa su, ba barci. To ashe ba bawana kaɗai ba ne, har na shanuna.

Nan Baba Modu ya ƙware da shayi, Kwangila na bubbuga masa baya. Injiniya dai ya ga rana na yi, ya ce wa yaronsa ya ja igiya.

INJINIYA: Doka ta ce mita 45 da ɗoriya daga tsakiyar titi filin hanya ne. Duk abin da ya shigo ciki za mu shafa masa jan fenti.

MAI SHAYI: Alhamdu lillahi! Kwangila, ɗauko littafin. Yallaɓai, na riga na yi lissafin diyya don kada in wahalar da ku. Tebur ɗaya. Benci biyu, ɗaya mai ƙafa uku amma yana aiki. Murhu. Sai inuwa.

INJINIYA: Inuwa kuma?

MAI SHAYI: Ta safe daban, ta yamma daban. Sai bashi. Direbobi goma sha ɗaya nake bi kuɗin shayi da ƙwai. In kun tashe ni, a ina za su same ni su biya?

BABA MODU: Yanzu da kake nan ɗin suna biya ne?

MAI SHAYI: Kai ne na huɗu a littafin, Baba, gara ka yi shiru.

INJINIYA: Wancan ɗakin langa-langar fa? Makon jiya da na wuce babu shi.

MAI SHAYI: Tsohon gini ne, gadon mahaifina.

INJINIYA: Ga takardar shago nan manne a jikin kwanon.

MAI SHAYI: Marigayin mutum ne mai adana takardu.

INJINIYA: Ku mutanen bakin titi sai Allah. Can baya mun shimfiɗa sabon hannu, ba a ko buɗe shi ba, muka dawo muka tarar an shanya barkono da shinkafa tun daga nan har inda ido ya tsaya.

MAI SHAYI: Af, har ka tuna mini. Uwargida ta ce in na ga gwamnati in yi mata godiya, ba ta taɓa samun wurin shanya mai kyan wannan ba. Ta ce in da hali a ƙara faɗinsa kafin kaka.

Yaro ya ja igiya tun daga tsakiyar kwalta, yana tafe Malam Tanko na bin sa da addu'a. Igiya ta zo ta ƙare cak, saura taku ɗaya ta taɓa ƙafar tebur.

INJINIYA: To Malam, ka tsira. Teburinka na waje, ɗakin gadon ma na waje. Ba mai tashin ka.

MAI SHAYI: Na tsira kamar yaya? Shekara nawa ina jiran fentin nan! Bashin kwanon ma da shi zan biya. Ina ɗoriyar da ka ce?

INJINIYA: Har da ita aka auna.

MAI SHAYI: Igiyar taku ta sha rana ta ƙanƙance. Yallaɓai, dubi can, kamar tayar motarka ta sace.

Injiniya na juyawa, Malam Tanko da Kwangila suka ɗaga tebur cancak, da tukunyar shayi da tulin burodi, suka matsar da shi taku biyu.

MAI SHAYI: A sake awo, don Allah. Ido na kuskure.

INJINIYA: Malam, ga sawun ƙafafun teburin can a bayanka.

MAI SHAYI: Na tsohon tebur ne. Shi ma a rubuta.

INJINIYA: Bishiyar nan kaɗai ta shigo. Yaro, shafa mata mu tafi.

Yaro ya zana wa darbejiya ƙaton kuros ja. Bai ko rufe gwangwani ba bijimin Jauro ya matso ya soma susa a jikin bishiyar, ya goga haƙarƙari ya sake gogawa. Da ya juyo, ga jan kuros ɓaro-ɓaro a farar fatar cikinsa.

JAURO: Miyetti Allah! Jama'a ku shaida, gwamnati ta shafa.

INJINIYA: Jauro, kuskure ne, da ruwa zai fita.

JAURO: Ba mai wanke mini shi. Kai da bakinka ka ce abin da ya sha fenti ya shiga lissafi. Dama Wudil za ni da shi, ga dillalai ga la'ada. Yanzu ka hutar da ni. Kawo kuɗi, ga igiya.

BABA MODU: Saya, Yallaɓai, ni zan kai maka shi Abuja. Kuɗin shinge dai naka ne.

MAI SHAYI: Dakata tukuna. A inuwar wa bijimin ya tsaya aka shafa masa? Kwangila, buɗe littafi, rubuta: kuɗin fakin sa, tun hantsi.