Ba kowace mutuwa masu sauraren rediyo ke yafewa ba

Duk sanda aka kashe wani a wasan kwaikwayon rediyo da ya daɗe ana yinsa, sai ka ga masu saurare sun rabu gida biyu, wasu na cewa ai labari ne kawai meye na tada jijiyar wuya, wasu kuma kamar a gidansu aka yi rasuwar. Ni dai ina bayan na biyun. A rediyo ba ka ganin fuskar kowa, kai ne kake zana masa fuska a ranka, kana wanke-wanke ko kana tuƙi muryarsa na shigo maka shekara da shekaru, to ta yaya za a ɗauke ta dare ɗaya a ce kada ka ji zafi?

Ba wai na ce kar a kashe kowa ba fa, garin da ba a mutuwa ai ba gari ba ne. Dalilin kisan shi ne abin dubawa.

Ɗauki The Archers na BBC, wanda ake yi tun 1951. Ranar 22 ga Satumba 1955 Grace Archer ta mutu bayan ta faɗa gobara don ceto doki, kuma a wannan daren ne tashar talabijin ta ITV, kishiyar BBC, ta fara aiki, shi ya sa har gobe ake zargin da gangan aka haɗa. Sai 2 ga Janairu 2011, ana bikin cikar shirin shekara 60, Nigel Pargetter ya faɗo daga saman rufin gida yana ƙoƙarin kwance kyallen murnar sabuwar shekara, da ihunsa aka rufe shirin. Mutumin da mutane suka saba da shi tun 1983! Wannan kam masu ƙorafi sun fi gaskiya, an yanka shi ne don biki ya yi armashi.

Amma dubi Phil Archer, mijin ita Grace ɗin. Norman Painting da ke fitowa a matsayinsa ya rasu a Oktoban 2009, marubuta ba su yi gaggawa ba, sai a Fabrairun 2010 Jill, matar da Phil ya aura bayan Grace, ta dawo gida ta tarar da shi zaune a kujerarsa, kiɗa na tashi a hankali, rai ya yi halinsa. Wannan ita ce mutuwar da na yarda da ita, don irin rayuwar da ya yi a gaban kunnuwan mutane ce ta kawo ta.