South Park da Trump: jarumtar da ba ta wanke tsohon laifi ba

Ranar 23 ga Yulin 2025 aka fara nuna zango na 27 na South Park, katun ɗin manya da Trey Parker da Matt Stone suke yi a Amurka tun 1997. Kashin farko bai yi wata-wata ba, ya nuna Shugaba Donald Trump tsirara a gado ɗaya da Shaiɗan, yana barazanar maka duk wanda ya taɓa shi a kotu. Fadar White House ta harzuƙa, ta ce shirin ya fi shekara 20 da daina tasiri.

Sai an waiwayi abin da ya faru a watan kafin a gane nauyin lamarin. Kamfanin Paramount, mai tashoshin CBS da Comedy Central (wadda ke nuna South Park), ya yarda ya biya dala miliyan 16 don a kashe ƙarar da Trump ya shigar kan hirar da shirin 60 Minutes na CBS ya yi da Kamala Harris, abokiyar takararsa a zaɓen 2024. A lokacin kamfanin na jiran hukumar sadarwa ta FCC ta amince da haɗewarsa da kamfanin fina-finai na Skydance. Stephen Colbert, mai shirin barkwanci na dare a CBS, ya fito a shirinsa ya ce wannan kuɗi cin hanci ne. Kwana uku bayan nan CBS ta sanar da cewa za ta rufe shirin nasa, wai don matsalar kuɗi. A wannan yanayi ne Parker da Stone suka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.5 da Paramount, sannan suka juyo suka caccaki kamfanin da shugaban ƙasa gaba ɗaya. Washegarin nuna kashin FCC ta amince da haɗewar.

An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su sun karɓa, sun ƙi yi, kuma a nan na yaba musu. Abin takaici ne a ce kamfanin da ke da 'yan jarida ya sunkuya, sai masu katun ne suka faɗi abin da kowa ke gani.

Amma yabona iyakarsa nan. A cikin wannan kashi ɗin sun sa Annabi Isa (AS) a matsayin ɗan wasa, yana raɗa wa mutanen gari su sasanta da Trump kada su ƙare kamar Colbert. Ba yau suka fara ba. A 2010, cikin kashi na 200 da na 201, sun taɓa martabar Manzon Allah (SAW), har Comedy Central ta toshe sunansa da hoton bayan wata barazana da aka wallafa a intanet. Barazanar kisa ba hanyarmu ba ce, ban kuma goyi bayanta ba. Hakan bai mayar da cin mutuncin ya zama daidai ba.

Hujjar magoya bayansu ita ce ba sa ƙyale kowa. Ban gamsu ba. Trump na da lauyoyi, yana da hukumomin gwamnati, yana da bakin ramawa, don haka taɓa shi yana da farashi, kuma jama'a na amfana idan aka tona yadda yake amfani da mulki. Wane mai mulki aka taka wa burki da aka yi wa annabawa ba'a? Mutane biliyoyi kawai aka ɓata wa rai, Musulmi da Kirista, waɗanda ba su da hannu a rigimar Paramount ko ta White House.